Me Ya Sa Rabuwar Yugosilabiya Ta Zo Da Jini?

Tambaya: Malam, me ya sa Cekosulobakiya ta rabu lami lafiya bayan faɗuwar kwaminisanci, amma Yugosilabiya ta faɗa yaƙi? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Malama, babban dalili shi ne yanayin zaman jama'a. A Cekosulobakiya, al'ummomin Cek da Sulobak kowa yana yankinsa, iyaka a fili take, don haka shugabanninsu, Klaus da Meciar, suka daidaita, ƙasar ta rabu ranar 1 ga Janairun 1993. A Bosniya kuwa, wadda yanki ce na Yugosilabiya a lokacin, Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa a cakuɗe suke zaune cikin garuruwa da yawa, har da auratayya, sai 'yan siyasa irin su Miloshebic, shugaban Sabiya na lokacin, suka hura wutar ƙabilanci domin riƙe mulki. Abin takaici, a garin Sirebirenika na Bosniya kaɗai an kashe Musulmi maza da yara samari kusan 8,000 a Yulin 1995.