Kafin ka sayi sabon inji ko ka zuba dalma a goshin jirgi

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya. Yana da jirgin ruwa mai gudu, tsawonsa mita 9, yana ɗaukar fasinja 12 da ƙananan kaya. Ya cire tsofaffin injinansa masu bugu biyu, ya ɗora sababbi biyu masu bugu huɗu, kowanne ƙarfin doki 250, ya kuma ƙara tankin mai na lita 200 a can baya. Tun daga nan jirgin yake ɗaga goshi sama, ya daɗe bai kwanta a kan ruwa ba, idan ya ɗauki gudu kuma sai goshin ya riƙa tashi yana faɗuwa, ga shan mai. Bakanikensa ya ce a sa dalma kilo 250 a goshi. Dillalin inji ya ce ƙarfi ne bai isa ba, a koma masu doki 300. Yana so ya san inda zai sa kuɗinsa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ka bayyana ba ciwon rashin ƙarfi ba ne, nauyi ne ya taru a baya, kuma yawancin maganinsa yana cikin jirgin tun yanzu.

Jirgi irin naka ba ya keta ruwa kamar jirgin dakon kaya. Idan ya samu gudu, ruwan da ke bugun ƙasansa ne ke ɗaga shi, har ya zama kashin baya kaɗai ke taɓa ruwa. Daniel Savitsky, injiniya a cibiyar Stevens da ke Amurka, ya fitar da lissafin wannan a 1964, kuma masu ƙera jirage suna aiki da shi har yau. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne: jirgin ya fi tafiya da sauƙi idan goshinsa ya ɗaga kaɗan, wajen digiri 4. Idan ya wuce haka da yawa, baya na nutsewa, inji na haƙa rami yana ƙona mai, kuma a nan ne tsallen nan da fasinjojinka ke kuka da shi yake farawa. Idan goshin ya yi ƙasa da yawa, jikin jirgin ya manne da ruwa, gudu ya ragu. Wurin da tsakiyar nauyi ta faɗa shi ke yanke wannan hukunci, kuma a jirage masu gudu takan kasance wajen kashi ɗaya bisa uku na tsawon jirgi idan aka auna daga baya. A naka, kusan mita 3 ke nan. Sababbin injinanka kowanne ya kai kilo 260 ko kusa da haka, sun fi tsofaffin nauyi, kuma a rataye suke a ƙarshen jirgi. Fetur lita ɗaya kilo 0.74 ne, wato tankin da ka ƙara ya kawo kusan kilo 150 a wurin da bai kamata ba.

Mu ɗauki maganar dillali. Akwai tsohon lissafi na George Crouch, wani mai zanen jiragen ruwa ɗan Amurka, da ke nuna cewa gudun irin wannan jirgi ba ya ƙaruwa daidai da ƙarfin inji. Daga doki 500 zuwa 600 ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne, amma gudun da za ka samu bai kai ƙarin kashi 10 ba. Shan mai kuwa ba ya yi maka wannan rangwamen. Injin fetur mai doki 250 idan aka take shi har ƙarshe yana shan wajen lita 95 a awa, biyu lita 190. Masu doki 300 guda biyu za su kai ka kusa da lita 230. Gaskiya ne a wasu kamfanonin mai 250 da mai 300 gangar jiki ɗaya ce, nauyinsu ɗaya, to amma ko kilo ɗaya ba su rage maka a baya ba. Za ka tashi da sauri, tsallen goshi yana nan. Idan kuma aka ja ka zuwa manya, Yamaha mai doki 425 ya haura kilo 430, Mercury mai doki 600 da ya fito a 2021 kilo 572 ne. Babban inji yana biyan kuɗinsa ne kawai idan mintunan da ya rage za su ba ka ƙarin sawu guda a rana, kuma akwai fasinjan da zai cika wannan sawun. Ka duba farantin da maƙerin jirgi ya manna, inda ya rubuta iyakar ƙarfin inji da iyakar lodi. Wanda ya wuce wannan iyaka ya ba kamfanin inshora hujjar ƙin biya ranar da aka samu matsala.

Bakanikenka ya fi dillali kusa da gaskiya, domin shi ya gane ciwon. Maganinsa ne ke da tsada a ɓoye. Masu ƙera jirage suna lissafa mutum ɗaya a kilo 75. Dalma kilo 250 fasinja uku ne da ɗoriya, waɗanda za su hau kullum, safe da yamma, ba sa biyan ko sisi, kai ke saya musu mai. Kuma nauyinsu daga cikin lodin da doka ta yarda maka za a cire shi. A jirgin da ya kai kilo 4,000 da lodi, wannan ƙarin zai ci wajen kashi 3 cikin ɗari na gudunka.

Ga inda nake so ka zauna da biro. Tasirin kaya a kan zaman jirgi shi ne nauyinsa sau nisan da aka matsar da shi, a raba da nauyin jirgin duka. Dalma kilo 250 a mita 4 gaban tsakiyar nauyi tana matsar da tsakiyar gaba da santimita 24. To, ɗauko tankin nan na baya ka kawo shi mita 3 gaba: santimita 11. Batura biyu, kilo 60, su ma mita 3 gaba: santimita 4 da rabi. Bencin baya mai ɗaukar mutum huɗu, kilo 300, a matsar da shi mita ɗaya da rabi: wata santimita 11. Jimla ta haura 26. Ka samu abin da dalma za ta ba ka har da ƙari, ba ka ƙara wa jirgi ko kilo ɗaya ba, kuɗin aiki da waya da tiyo kawai ka kashe. Tankin ma ya samu wurin da ya fi dacewa da shi, domin idan yana kan tsakiyar nauyi, ko a cike yake ko ya kusa ƙarewa zaman jirgi ba ya canzawa. A sa ƙwararre ya yi wannan aikin: batir da tankin fetur ba sa zama a rufaffen wuri ɗaya, kuma waya mai tsawo tana bukatar ƙarin kauri.

Kada kuma a zarce. Goshin da ya yi nauyi ya fi baya mai nauyi hatsari. Idan igiyar ruwa tana biyo ka ta baya, jirgi ya gangaro ya soka goshi a ta gaba, zai iya juyawa gefe farat ɗaya, matuƙi yana riƙe da sitiyari amma ba shi ke tuƙi ba. Can ƙurewar goshi kuma nan ne duka ya fi tsanani, mai zama a wurin bayansa ne ke karɓa. Shi ya sa na ce benci ya dawo tsakiya, ban ce a kai mutane hanci ba.

Za ka ji ana cewa ai jiragen tsere na teku suna sa nauyi a goshi. Suna sawa, amma ruwa ne a cikin tanki. Matuƙi ya cika shi idan teku ta yi rikici yana son goshi ya zauna, ya zubar idan ta lafa. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, kuma kyauta yake. Idan bayan gyaran ka ga jirgi na wahala sa'ad da yake dawowa babu fasinja yana fuskantar iska, irin wannan tankin ne ya cancanci kuɗinka. Sharaɗinsa ya kasance a cike tam ko babu komai, domin rabin tanki ruwan cikinsa na gudu gefe zuwa gefe yana jan jirgi. Dalma kuwa aikinta ƙarami ne: kilo 20 ko 30 don gyara karkata gefe guda, a ɗaure ta da kusoshi a can ƙasa. Buhun yashi da aka ajiye haka kawai zai sha ruwa, ya kuma matsa ranar da ba ka so.

Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a gwada. Ka ɗora jirgin a tirela ka kai shi babban sikeli, ka cire nauyin tirelar, ka kwatanta da abin da maƙeri ya rubuta. Tsofaffin jirage sukan ɓoye ruwa a cikin soson da ke ƙarƙashin daɓe, wani lokaci nauyi mai yawa, kuma a baya yake taruwa. Sannan ka sami jarkoki masu lita 20, ka cika su da ruwa a madadin fasinja, a ɗaure su da kyau. A rana mai kwanciyar ruwa matuƙi ya yi tafiya ɗaya zuwa da dawowa, wani yana rubuta daƙiƙa nawa jirgi ya ɗauka kafin ya kwanta, gudunsa a wayar salula, juyin inji, da litar da aka sha. A matsar da jarkoki, a sake. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi aiki ba. A lura da matuƙi ma, domin da yawa suna tashi da ƙafar inji, wato sashensa na ƙasa mai ɗauke da farfela, a ɗage, alhali a tashi ana dannata ciki ne, sai jirgi ya kwanta a ɗaga ta a hankali. Idan da cikakken lodi injin bai kai juyin da littafinsa ya faɗa ba, farfela ce ta yi masa girma, kuma canza farfela ba ya kusa da kuɗin inji.

Idan an yi duk wannan akwai sauran tsalle, abu na gaba shi ne faranti biyu masu motsi da ake ɗaurawa a ƙasan bayan jirgi, irin na kamfanin Bennett ko Lenco, waɗanda matuƙi ke saukarwa su danna goshi ƙasa. Suna ɗan cin gudu idan an sauke su da yawa, amma ana ɗage su idan ba a bukata.

Lambar da za ka riƙa bi a littafinka ita ce litar mai a kan kowane fasinja a kowane sawu. Ka rubuta ta mako biyu kafin gyara da mako biyu bayansa. Kuɗin da ka tanada don inji ka ajiye shi na gyara da kayan safaya, idan kuma littafin ya nuna kana barin fasinja a tasha kullum, sai mu zauna mu yi lissafin jirgi na biyu.