Zuciya na ɗibata: ina zan sami wanda zai duba ni a kan saurin fushi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Likita. Ni magidanci ne mai shekara 41, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, kuma ina sayar da atamfa a Kantin Kwari a nan Kano. Tun ina saurayi aka san ni da zafin zuciya, amma a shekara biyun nan abin ya wuce yadda na san shi. Mako uku da suka wuce na dawo gida da daddare na tarar ba a sauke tuwo ba, ban san lokacin da na fizge wayar uwargida na buga ta da bango ba, kuma ɗana mai shekara 9 da ya shiga tsakani na mare shi har leɓensa ya fashe. Bara na yi mata saki ɗaya a cikin irin wannan hali, muka yi kome, kuma ina tsoron ranar da bakina zai tsinke sauran igiyoyin. An yi mini ruƙiyya, yayana ya yi mini nasiha har ya gaji, ni ma nakan yi alkawari in karya. Wani abokina ya ce akwai masu zama da mutum su koya masa yadda zai riƙe zuciyarsa. Shin akwai irinsu a kusa da mu, kuma ta yaya zan same su? Gaskiya ba na son a gan ni a Dawanau a ce na haukace.

Mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai su, kuma ba sai ka bar Kano ba. Sai dai ba za ka ga an kafa allo a bakin titi an rubuta "likitan fushi" ba, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka babu. Masu wannan aiki suna cikin sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci, kuma iri biyu ne da ya kamata ka bambance. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi karatun likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni, shi ne yake bincikar jiki ya rubuta magani idan da buƙata. Akwai kuma masanin halayyar ɗan Adam mai aikin asibiti, wanda ba ya rubuta ƙwaya, aikinsa zama da kai da tattaunawa da ba ka darussan da za ka gwada a gida. Na biyun nan shi abokinka yake nufi, amma ina ba ka shawara ka fara da na farkon.

Dalilina yana cikin jimla ɗaya ta wasiƙarka, inda ka ce a shekara biyun nan abin ya wuce yadda ka san shi. Halin da mutum ya taso da shi daban, halin da ya ƙaru masa da rana tsaka daban, kuma na biyun sau da yawa alama ce ta wani abin da ke ƙasa. Ciwon damuwa a wurin maza ba lallai ya zo da kuka ko zaman ɗaki ba, yakan zo da ƙunci da faɗa da rashin barci, musamman ga ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu. Firgicin da ke biyo bayan haɗarin mota, ko fashi, ko faɗawa hannun masu garkuwa, yakan bar mutum a zabure, ƙaramin motsi ya hasala shi. Buguwa a kai, da ƙarancin barci na watanni, da yawan aikin halittar nan ta wuya da ake kira tayirod, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, duk suna iya sauya hali. Haka nan shan tiramol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a shekarar 2018 saboda ɓarnar da ya yi, musamman a garuruwanmu. Ban ce kana shan komai ba, amma likita zai tambaye ka, kuma ina roƙonka ka gaya masa gaskiya, domin wanda ya ɓoye wa likita wannan ya ɓata tafiyarsa tun daga bakin ƙofa.

Game da inda za ka je, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma tunda asibiti ne na kowace irin cuta, wanda ya gan ka a harabarsa ba zai san ko ido ka kawo ko hawan jini ba. Hanyar ita ce ka yanki kati, ka ga likitan da ke duba kowa da kowa, ka faɗa masa abin da ka faɗa mini ba tare da rage komai ba, ka nemi ya tura ka wancan sashe. Kana iya karɓo takardar turawar daga babban asibitin da ya fi kusa da unguwarku. Masu karatu na wasu garuruwa suna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Shi kansa Dawanau da kake gudu, akwai masu zuwa da safe su ga likita su koma shagunansu kafin azahar, ba kowa ake kwantarwa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a riƙe masa sirrinsa. Ka shirya wa layi da jira, domin likitocin wannan fanni a duk Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga kuma mutum fiye da miliyan 200.

Idan ka zaɓi zuwa wurin mai zaman kansa, ko ka ci karo da wani a Facebook ko TikTok yana tallan koyar da haƙuri, to ka yi masa tambayoyin da kake yi wa baƙon dillali kafin ka ba shi kaya. Likita na gaskiya yana da rajista da hukumar MDCN, mai ba likitocin Najeriya lasisi. Masanin halayya mai duba marasa lafiya yana da aƙalla digiri na biyu a wannan fanni, kuma ba zai ji haushi ba don ka tambaye shi inda ya yi karatu da asibitin da ya yi aiki. Ka tambaye shi hanyar da yake bi, da adadin zaman da yake hasashe, da kuɗin kowane zama, da kuma ko zai iya yi da Hausa, saboda maganar da ke cin ran mutum ba ta fita sosai da harshen aro. Wanda ya yi maka alkawarin warkewa a zama ɗaya, ko ya fara da sayar maka da garin magani, ka tashi ka bar masa wurinsa. Ina kuma gargaɗin dangi a kan gidajen mari, domin ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019 ba, inda aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa.

Hanyar da aka fi gwadawa a kan fushi ita ce wadda ake taƙaita sunanta da CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan nan na Amurka Aaron Beck ya aza harsashinta a shekarun 1960. Yawanci zama ne na kusan awa ɗaya a kowane mako, sau da yawa na wata biyu zuwa uku. Za a sa ka sayi ƙaramin littafi irin na rubuta bashi, duk ranar da ranka ya ɓaci ka rubuta lokaci, da abin da ya faru, da abin da ka ji a jikinka, da maganar da ka gaya wa kanka a zuci. Mu ɗauki daren tuwon nan. Kai kana ganin kamar ƙiftawar ido ce, amma idan aka warware maka shi za ka tarar tun a kan hanya wuyanka ya sanƙare, tun rana ba ka ci abinci ba, wani mai bashi ya kashe maka waya, kuma da ka ga tukunya a kan wuta zuciyarka ba ta ce "an makara" ba, cewa ta yi "an raina ni." Wannan kalmar ce ta ɗaga hannunka, kuma a kanta za a yi aiki. Za a koya maka gane alamun farko, da sassauta numfashi, da fita daga ɗaki na ɗan lokaci bisa yarjejeniya da uwargida cewa za ka dawo a yi magana, da faɗin abin da ke damunka ba tare da zagi ba. Ba za ka ji wannan baƙo ba, domin koyarwar Manzon Allah (SAW) ce mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ka ci gaba da addu'arka, asibiti ba ya hana ta.

Abu biyu ba za su jira ranar ganin likita ba. Kada ka sayi maganin kwantar da hankali a kemis, domin irin su baliyam suna kama jiki, kuma suna iya ƙara sakin linzamin mai fushi. Sannan ka zauna da uwargida a lokacin da kake cikin natsuwa, ku amince cewa idan ta ga idonka ya juya tana da izinin kwashe yara ta shiga maƙwabta ko gidan yayanka ba tare da ka ɗauke shi yaji ba. Yaron nan kuma ka kira shi ka ba shi haƙuri da bakinka, domin yana ta lissafin ko laifinsa ne. Batun sakin da aka furta cikin fushi na malamai da alƙalai ne, ka kai musu shi tun kafin a sake shiga ciki.

TAMBAYA

Likita, ni matar aure ce a Zariya. Maigidana yana da irin wannan hali, har ya taɓa kai mini hannu sau biyu, amma ko sunan asibiti ba ya son ji. Wata ƙawata ta ce in karɓo masa magani in riƙa zuba masa a shayi. Ya kike gani?

AMSA

'Yar'uwa, kada ki yi haka ko sau ɗaya. Ba ki san abin da ke damunsa ba, ba ki san yadda ƙwayar za ta haɗu da wani ciwo ko wani maganin da yake sha ba, kuma ranar da ya gane, abin da zai biyo baya zai fi wanda kike gudu muni. Ki je asibitin Shika da kanki ki nemi ganin likita ko ma'aikatan jin daɗin jama'a na asibitin, ki bayyana musu halin da ake ciki, za su ba ki shawarar yadda ake jawo irinsa. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ko mahaifi, ko kawu, ko limamin unguwa, ya gabatar masa da tafiyar a matsayin duba rashin barci da gajiya, wanda sau da yawa gaskiya ne. Maganar duka kuwa, ki sanar da waliyyinki tun yanzu, ki adana takardunki da na yara da ɗan kuɗin mota a inda hannunki zai kai cikin sauri, kuma duk daren da kika ji tsoron ranki ki fita da yaranki ki nemi agajin maƙwabta ko 'yan sanda.