Addu'ar iyali ta ƙi yiwuwa a gidanmu, ya zan yi?

'Yar'uwa, na fahimci damuwarki: maigida na fita tun asuba, yara na hanzarin makaranta, da daddare kuma kowa ya gaji, har kina ganin kamar bangaskiyarku ta tsaya a ranar Lahadi kawai.

Ki rage tsawon abin tukunna. Minti biyar kafin a sha koko, aya ɗaya, waƙa ɗaya, yaro ɗaya ya yi addu'a, shikenan. Yawancinmu muna son mu mai da falo majami'a ne, a yi ta wa'azi har ƙaramin ya kife da barci a kan kujera, to gobe wa zai so ya zo? Kubawar Shari'a 6:7 a Littafi Mai Tsarki ma cewa ta yi a koya wa yara a zaune a gida, a kan hanya, da kwanciya da tashi, wato ko kina yanka alayyahu kina iya tambayar yarinya me suka koya a Sande Sukul, ajin yara na ranar Lahadi a majami'a.

Kuma fa suna kallonki, in kin ce a gaya wa mai bin bashi ba kya nan alhali kina ɗaki, kin rushe karatun safe. Kar kuma addu'a ta zama wurin yi wa Baban yara habaici, wannan yana kore maza sosai.

In shi ne ya ƙi gaba ɗaya, ku samu fasto ko wata dattijuwa a zumuntar mata mai riƙon sirri. In akwai duka a ciki kuwa, asibiti da hukuma ne farko, kar ki ɓoye.