Kowa Na Son Zama Sarkin Yaƙi

Tambaya: Malam, mu shida ne ke wasan yaƙin tarihi a unguwar Zariya, Maradi, da ƴan sojojin yumbu da muka gasa muka shafa wa fenti. Uku-uku muke rabuwa, amma kowa sai ya ba da umarni, har wasan ya watse. Ina mafita?

Amsa: Ƙanena, ku ari tsarin fadarmu. Ɗaya ya zama sarki, ɗaya Kaura mai dawakai, na uku ya riƙe dakarun ƙasa. Sarki kada ya taɓa soja ko guda. Ya rubuta umarni a ƴar takarda, ya ninke, ya miƙa wa alƙalin wasa, shi kuma ya riƙe ta zagaye ɗaya ko biyu gwargwadon nisa. Haka sojojin Furusiya, wata tsohuwar masarauta a Jamus, suka riƙa yi da wasan yaƙinsu mai suna Kriegsspiel tun 1824. Jinkirin nan ne gishirin wasan, wallahi. A yaƙin Waterloo ma, a 1815, saƙon Napoleon, sarkin Faransa, a makare ya riski kwamandansa Grouchy. Na taɓa riƙe Kaura, takarda ta iso dawakaina sun riga sun faɗa kwari, hannuna na rawa ina buɗe ta. Kowane mako ku sauya sarki.