Jitar da ba ta ga hunturun Sakkwato ba

Yaro, na ga saƙonka da hotunan da ka turo mini daren jiya. Ka ce ka samu jita ta hannu wurin wani a Facebook, mai ita ya ce 'yar Kwatano ce, ba a daɗe da sauke ta ba, kana tambaya ko ka tura masa rabin kuɗi ya ajiye maka kafin wani ya riga ka. Shekara uku kana share mini shago kana miƙo mini samfefa, ashe abin da ka koya shi ne sayen jita a hoto. Da na so in ƙyale ka, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Amma wannan magana ta "ba a daɗe da sauke ta ba" ta hana ni barci, don da ita anka yanka ni, ni ɗin nan da kake gani.

Lokacin ban fi shekara huɗu da buɗe rumfata ba. Aikina garaya ne da molo da kuntigi: in ja fata, in sassaƙa jaki (ɗan itacen da tsirkiya ke hawa kansa), in ɗaura tsirkiya. Jita sai jefi-jefi, daga 'yan coci, ko sojojin barikin Giginya, ko Buzaye masu shigowa ta Illela. Ina da tawa guda a rataye, Yamaha FG-180 mai jar takarda a ciki, an rubuta Nippon Gakki, ƙirar Japan, irin wadda anka fara yi a 1966. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya ba ni ita ranar da ya yaye ni. Fentinta ya cinye a inda hannu ke zama, akwai tabon wuta kusa da gindinta inda garwashi ya taɓa faɗa mata. Ba ta da kyan gani, amma hunturu nawa ta gani a garin nan ko gezau.

Tsakiyar damina, watan Agusta, sai ga wani mutum cikin farar shadda yana ƙamshin turare, riƙe da baƙin akwati. Ya buɗe. A kan jitar an rubuta Martin da ruwan zinare. Ka san Martin, kamfanin Amurka ne tun 1833, masana'antarsu na garin Nazareth a jihar Fensilbaniya, kuma ni ban taɓa riƙe ta ba sai dai in gan ta a mujalla. Ya ce ƙanensa ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, shi ya aiko da ita, ko wata ba ta yi da sauka ba. Shi kuwa gidan malamai ya fito, kunya yake ji a gan ta a ɗakinsa. Kafin ka ce kwabo mai shayi da teloli sun cika rumfa. Na ciro ɗan madubina da tocila zan leƙa cikinta, sai ya yi dariya ya ce, "Haba sarkin gyara! Kai da anka ce mini da ido kake sanin shekarun itace? Ai leƙe na yara ne." Mutane sunka yi dariya, ni kuma na mayar da madubi aljihu. Wallahi har yau in na tuna hannuna yana komawa aljihun nan sai in ji abinci ya fita raina.

Na kaɗa ta, taushi kamar auduga, tsirkiyoyi kwance dab da wuya. Kunnena ya ji muryarta ta yi ƙasa da inda ya kamata, na kai hannu zan ɗaure, ya riƙe ni. Wai tsirkiyoyin sun tsufa, za su tsinke, kuma babu irinsu a garin nan. Na yarda. Na sayar da jajayen awakin uwargida guda biyu, na kwashe adashina, na haɗa da kafin alƙalamin da wani Buzu makaɗi daga Tawa ya bar mini don in nemo masa jita ta kirki. Kuɗi bai cika ba. Mutumin ya ɗaga kai kamar bai damu ba, ya ce, "To cika mini da waccan tsohuwar, yara su samu abin wasa." Da hannuna na sauko masa da ita.

Da na sa sababbin tsirkiyoyi na ɗaure su yadda ya kamata, kwana bakwai ba a yi ba sunka tashi sama har ɗan yatsa na shiga tsakaninsu da wuya. Na duba farin ƙashin da ke kan jaki in rage masa tsawo, na tarar an riga an goge shi, babu sauran abin ragewa. Na sa alanki, ɗan makullin juya ƙusa, a ƙarfen cikin wuya mai daidaita lanƙwasarsa, sai juyawa yake, bai kama komai ba. Sannan na ciro madubin da na ji kunyar cirowa. Martin ta gaske tana da lamba a buge jikin katakon da ke riƙe da wuya daga ciki. Wagga babu komai, sai takarda da anka buga anka liƙa. Haƙarƙari biyu na ƙarƙashin fuska, wato allon gaban jita, sun saki, an toshe su da sufa gulu da garin katako.

Ban gaya wa kowa ba. Wata biyu ina aiki a kanta da dare, na sake liƙa haƙarƙarin da gam na kirki, na daidaita abin da zai daidaitu, na ce ko ba Martin ba ce dai ta kaɗu. Sai hunturu ya shigo. Wata asuba cikin Disamba ina alwala na ji ƙas! kamar an karya kara. Fuskar ta tsage tun daga jaki har gindi, jakin ya ɗago da ɓawon katako a jikinsa. Ɗanyen itace ne anka ƙera ta da shi, ta sha raɓar bakin teku, damina ta rufa mata asiri, iskar hunturu ta tona. Buzun nan ya zo, ya sa farce cikin tsagar, bai ce uffan ba, ya miƙo hannu. Kekena na sayar na biya shi. Maganar awaki kuwa, je ka tambayi Innarku, har yau tana da abin faɗi.

Bayan kamar shekara biyar na je biki Ƙonni, na ga wani saurayi yana kaɗa jita. Tun kafin in ga tabon wutar na gane muryarta. Na tambaye shi, ya ce wurin wani Alhaji ya saya, ya faɗi kuɗin da ya fi duk abin da na biya a kan waccan gawa. A nan na gane ashe mutumin ba sayarwa ta kawo shi rumfata ba, Yamaha ya zo ɗauka, ni na biya shi ladan ɗauka. Na roƙi yaron ya sayar mini, ya ƙi, kuma da gaskiyarsa. Shi kuwa mai farar shadda yana nan garin, ya je Makka har sau biyu, in mun haɗu sai ya ɗaga hannu ya ce "sarkin gyara!" Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Saboda haka ko sisi kada ka tura. Ka je ka gan ta da rana. Wayar nan da ba ka rabuwa da ita ta yi amfani sau ɗaya: ka saita tsirkiyoyi shida su kai cikakkiyar murya, in mai ita ya hana, ka yi masa sallama. Tsirkiyoyin ƙarfe in an ɗaure su suna jan kusan kilo 70, ya fi buhun siminti, dare da rana, kuma duk ƙaryar jita a ƙarƙashin wannan nauyin take fitowa. Ka bar ta ta zauna haka kuna hira. Sannan ka je ƙarfe na goma sha biyu cikin ƙarafan da ke gicciye a wuya, ka zura katin ATM uku a haɗe ƙarƙashin babbar tsirkiya, wajen milimita biyu da kwata ke nan. In sun shiga daidai, madalla. In biyar za su shiga, dubi ƙashin jaki. Yana da tsawo, gyaran minti ashirin ne. An goge shi ya kwanta, to wuyan ne ya tashi, kuma cire wuya a sake dasa shi ya fi kuɗin jitar da kake magana. Ka ɗora doguwar rula kan ƙarafan wuya ka tura ta wajen jaki, ya kamata ta sauka a samansa, in ta tunkuri cikinsa ka san sauran. Ka gwada zura takarda ƙarƙashin jaki ta baya, kada ta shiga. Ka dubi bayan kai a cikin rana ko an taɓa karyewa an shafe da fenti. Madubi kuwa, ko sarki ne ke sayarwa ka leƙa.

Tsirkiya mai tsatsa, kunnen ɗaure tsirkiya mai santsi, ƙura, karce, waɗannan ba zan ɓata bakina a kansu ba. Da su ake rage kuɗi. In har yanzu ba ka iya canza tsirkiya ba, ka koma sayar da kati.

Ku yaran yanzu kun ji a intanet cewa fuskar katako guda ta fi ta falle-falle daɗin murya, kuna ta maimaitawa kamar aku. Gaskiya ne, a ƙasar da iska ke da laima. Masu ƙera jita suna son laimar iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Nan Sakkwato cikin hunturu tana sauka ƙasa da 20, leɓenka ma tsagewa yake balle allon da bai kai milimita uku ba, sannan Afrilu ya zo da zafin da ya haura 40. Mai falle-falle, irin Yamaha F310 da ta cika gari, an haɗa ta ne a gicciye, ba ta tsagewa da sauƙi. Ita nake so ka fara da ita. In kuwa ka nace sai mai katako guda, ka dubi bakin ramin, za ka ga jijiyar itacen ta ratsa daga sama har ƙasa, kuma ka saye ta a Fabrairu ko Maris wurin wanda ya shekara biyu da ita a garin nan, ba cikin damina ba. Ka shafa gefen wuya, in bakin ƙarafan yana kartar hannu, itacen ya riga ya sha ƙishirwa. A akwati za ta riƙa kwana, da ɗan soso mai laima cikin gidan sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katako. But ɗin mota da rana kuwa, gam narkewa yake.

Wani abu kuma, na ga a hoto na uku kan jitar taka mai ramuka biyu ne, tsirkiyoyin a ɗaure jikin jaki. Wannan ta tsirkiyar roba ce, jan da take ɗauka bai wuce kilo 40 ba, yawancinsu ma babu ƙarfe a wuyansu. Amma abin da nake gani yana ƙyalli a kanta ƙarfe ne. In haka ne wani jahili ya riga ya kashe ta, gawa ake tallar maka.

Ka tambayi kuma yadda za ka ji daɗinta. Wannan ma tambaya ce? Yatsu za su yi ciwo sati biyu ko uku, su yi kanta, shi ke nan. Bayan isha'i ka zauna tsakar gida ka kaɗa a hankali, ba don a ɗauke ka bidiyo ba. Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi a kuntigi, ya zaga duniya da ita, ku kuna da shida kuna kukan ba ku da na'ura. Ni tawa Yamaha, in dare ya yi tsaka na kan kwantar da haɓata a kafaɗarta in kaɗa babbar tsirkiya, in ji rurinta har cikin haƙora. Tun da ta tafi ban sake rataye jita don kaina ba.

Ka ce wa mutumin ya kawo ta shago ranar Asabar da hantsi, kuma kada ka gaya masa ni zan duba. Madubin yana cikin gwangwanin ƙusoshi, ka goge shi. Ka biyo da gam, wanda ka bari a buɗe jiya ya bushe, daga kuɗinka zan cire.