'Yancin aiki ga manyan nas a asibitocin tsoffin sojojin Amurka

Malam, ka tambaya ko manyan nas, wato masu ƙarin karatun ƙwarewa, suna duba tsoffin sojojin Amurka ba tare da likita a kansu ba. E, amma ba duka ba.

Ƙa'idar da ma'aikatar tsoffin sojoji ta fitar a Disamba 2016 ta sakar wa rukuni uku mara, ko da dokar jiha ta hana: masu duba marasa lafiya su rubuta magani, ƙwararrun fanni guda, da ungozoma. Nas masu ba da allurar barcin tiyata kuwa an cire su, bayan ƙungiyar likitocin fannin ta tayar da jijiyar wuya.

Inda ake tuntuɓe: sai asibitin ya tantance takardun nas ya ba shi izini tukuna, kuma rubuta magunguna masu sa maye yana nan ƙarƙashin lasisin jiharsa.