Amsa ga ɗiyata kan yadda ake rubuta babin biki

Ɗiyata, kin tambaye ni abin da ya sa babin bikin da kika rubuta bai kama waɗanda kika ba wa suka karanta ba, alhali ba abin da kika bari: sa lalle, kamu, wankan amarya, ɗaurin aure, kai amarya, har launin ankon ƙawaye. Na karanta shi a natse. Hannunki yana da kyau, amma lissafin biki kika yi. Mai karatunki 'yar Damagaram ce, ko ta Maraɗi, ko ta Kano, tun tana goye ake zuwa biki da ita. Ba ta buɗe littafi don a gaya mata akwati nawa aka kawo ba.

Amfanin biki ga mai ƙaga labari shi ne yana tara masa mutanen da ba za su zauna tabarma ɗaya ba sai dole. Uwargida da dangin amarya. Mai bin bashi da wanda yake bi. Saurayin da aka hana yarinyar, ga shi cikin abokan ango, don unguwarsu ɗaya a Birni, fadarsu ta shayi ɗaya, in bai zo ba a ce baƙin ciki yake. Kuma duk a idon jama'a, inda ba mai iya faɗin abin da ke ransa a fili. Sai habaici, sai gaisuwar da aka gajarta, sai liƙin da aka yi don wata ta gani. Nan aikinmu yake.

Wataƙila a lakwal kin gamu da gajeren labarin nan na marubucin Faransa Guy de Maupassant, La Parure, na 1884. Matar wani ƙaramin ma'aikaci ce aka gayyace su liyafar minista. Ba ta da abin wuya, ta aro sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta mai hali, kamar dai yadda ake aron zinariya a nan ranar wuni. Ki duba da kyau, liyafar kanta layuka kaɗan ce. Ta fi kowa kyau, ta yi rawa, an kalle ta. Abin da marubucin ya tsaya a kansa shi ne lokacin tashi, wajen ƙarfe 4 na asuba, da mijin ya yafa mata mayafinta na yau da kullum, ita kuwa ta fice da sauri don kada manyan mata su gani. A hanyar gida sarƙar ta ɓace. Suka ci bashi suka sayi wata a kan faran 36,000, suka shekara 10 suna biya, daga baya ta ji cewa ta asalin jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba. Wannan mayafin nake so ki riƙe. Shi kaɗai ya faɗi talaucinta da kunyarta, ba tare da an ce mana tana jin kunya ba.

Gustave Flaubert ma ya yi irin wannan a Madame Bovary, na 1857. Ana cikin rawa a gidan wani basarake zafi ya yi yawa, wani bara ya fasa gilashin taga don iska ta shigo, matar da labarin yake kanta, Madame Bovary, ta waiwaya ta ga fuskokin ƙauyawa suna leƙe daga waje. Nan take ta tuna gonar ubanta. Kowane biki yana da masu leƙe ta katanga, namu ma haka: yaran unguwa, almajirai da roba a hannu, masu kabu-kabu da ke jiran a tashi. Ke ba ki sa ko ɗaya ba.

To, ga gyaran. A labarinki mai ciwon ita ce uwargida, wadda za a yi wa kishiya bayan ta haifi 'ya'ya mata kawai, amma kin ajiye ta a layi biyu kin bi amarya ɗakin kwalliya. Ki koma ki shiga idonta, kada ki fita har a watse. Abin da ba ta gani ba, mu ma kada mu gani. Ita ba za ta ƙirga tukwane ba. Za ta lura cewa ƙanwar mijinta, wadda ta riƙe tun tana ƙarama, ita ce ta fi kowa guɗa.

Ki yi amfani da maroƙa. Maroƙi yana faɗin abin da kowa ke ɓoyewa, kuma ba mai kama shi da laifi. In zabiya ta wasa amarya da cewa ga mai kawo magaji ta iso, ba ki buƙatar rubuta cewa ran uwargida ya ɓaci. Ki nuna mana ta tashi ta kunce bakin zane, ta liƙa wa zabiyar jika guda tana murmushi, mata suna kallon hannunta ko zai yi rawa. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, mai karatu ma zai sani.

Abinci da tufafi kuwa, ki taɓa ki wuce, sai wanda ke ɗauke da magana. In atamfar da take sanye da ita cikin kayan faɗar kishiya ta fito, wannan ya isa a ambata.

Kada ki bi kwanakin biki ɗaya bayan ɗaya. Ki fara daga yammacin kai amarya, an idar da magariba, motoci suna ta oda a ƙofar gida. Ki kai mu har inda tsofaffi suka durƙusar da amarya a gabanta suka ce ga amana. Abin da za ta amsa shi ne babin gaba ɗaya, kuma ni ba zan zaɓa miki ba, ke kika san halinta. Ki rubuta amsar iri daban-daban, ki karanta su da babbar murya, ki kawo mini wadda kika ji ta yi miki nauyi a baki. Ina gida bayan la'asar ranar Asabar.